Yadda malamin kwalejin ilimi zai horar da ɗalibi ya tsaya da ƙafarsa a gaban allo

Ɗalibin NCE, wato mai neman takardar shaidar malanta a kwalejin ilimi, yakan koyar ne yadda ya ga ana koyar da shi. In shekara uku ya yi yana kwafar abin da kake karantowa, ranar da ya fita TP, wato koyon aikin koyarwa a makaranta, shi ma karanto wa 'yan firamare zai yi. Saboda haka daga ajinka gyaran zai fara.

Da farko, ka riƙa shigowa da tambayar da babu amsarta a takardar lacca. Kawo tsarin darasin lissafi na aji biyu, ka ce: a ajin da yara tamanin ke zaune a ƙasa, alli ma sai an yi tsimi, wane ɓangaren wannan tsari ne zai yiwu, wanne ne ba zai yiwu ba, kuma me ya sa? Sai ka yi shiru. Shirun nan ya fi komai wuya. A farkon shekarun 1970 wata mai bincike kan koyarwa, Mary Budd Rowe, ta gano a Amurka cewa malami bai cika jira fiye da daƙiƙa ɗaya ba bayan ya yi tambaya, amma da aka kai uku, amsoshi suka ƙara tsawo, masu nauyin baki ma suka fara magana. Ni sai na ƙirga a zuci, in ba haka ba bakina zai riga su.

Sai gajeren darasin gwaji, wanda aka faro a Jami'ar Stanford a 1963: ɗalibi ya koyar na minti biyar zuwa goma a gaban 'yan uwansa kaɗan, a yi masa gyara, ya sake. Sakewar nan muke tsallakewa saboda yawan ɗalibai, alhali a nan gyaran yake kama jiki. Ko mutum biyar ne a mako, su sake. Ka kuma hana zanen kwali da ake ba mai zane kuɗi ya yi musu. Kowa ya zo da abin da zai samu a ƙauyen da za a tura shi: murafen kwalba, tsinken tsintsiya, ƙwallon dabino. Wata ɗalibata da lemo ɗaya da 'yar wuƙa ta koyar da rabi da kwata, ta raba wa 'yan aji suka shanye.

Wajen gyara, bari ɗalibin da ya koyar ya fara magana: “Malam, me ka ga ya tafi daidai?” Kira shi malam ɗin, da gangan. Sannan ka ɗauki kuskure ɗaya kawai, wanda zai iya gyarawa kafin mako mai zuwa. Wanda aka yi wa tatas a gaban abokansa, gobe haddar darasi zai yi don kada ya sake shan kunya. In akwai waya, a ɗauke shi bidiyo ya kalla shi kaɗai. Da kansa zai ga ya ba wa yara baya yana magana da allo.

In kuma ɗalibi ya jefo maka tambayar da ba ka san amsarta ba, ka ce ba ka sani ba, ka rubuta ta a gefen allo, ka buɗe darasi na gaba da ita.