Yadda za ka gane tsutsar ciki a tumaki da awaki tun kafin ta kwantar da su

Masu kiwo, da zarar damina ta kankama tsutsar ciki take fara yi mana ɓarna. Wadda ta fi illa ita ce Haemonchus, jini take tsotsa a cikin dabba, mace ɗaya tana zuba ƙwai dubbai a rana, ƙwan ya fita ta kashi ya ƙyanƙyashe a ciyawa mai laima, dabba ta ci, bayan kamar sati 3 su ma sun fara nasu ƙwan.

Kar ka zauna jiran zawo, wannan tsutsar sau da yawa bata sa zawo. Ido zaka duba. Ka riƙe kan akuyar a cikin haske, ka ɗan danna fatar idon ta sama, ka ja ta ƙasa da babban yatsa ka kalli cikinta. In ja ne jawur lafiya lau, in ya koɗe ya koma fari-fari to jini ya ragu sosai, a ba ta magani yau ba gobe ba. In kuma ƙasan haɓa ya kumbura kamar an cika shi da ruwa, abin ya yi nisa, a nemo likitan dabbobi. Da damina ka riƙa wannan dubawar duk sati 2, musamman ƙanana da waɗanda suka haihu kwanan nan.

Wajen magani nan ne ake kwafsawa wallahi. Mutum ya sayi Albendazole ya fasa ƙwaya ɗaya ya rarraba wa dabbobi da yawa wai don tattali, tsutsar bata mutu ba sai ma ta saba da maganin, gobe ka bayar ya ƙi ci. Ka bayar daidai da nauyin dabbar, kuma akuya tana buƙatar fiye da tunkiya, likita ya faɗa maka nawa. Albendazole kar a ba mai ƙaramin ciki. In ya daina aiki akwai Levamisole da Ivermectin.

Kada a sake su kiwo da sassafe raɓa bata bushe ba, a guji fadama, a share kashi a turke kullum, harawa da dusa kuma a zuba a mazubi ba a ƙasa ba.

In yanka zaka yi ko shan nono, karanta jikin kwalin, akwai kwanakin da ake jira bayan magani.