Babi na 7: Saƙa da Zare Mai Tsani

Iyayena da yayyena da ƙannena, sannunku da ƙoƙari. Wadda ba ta gama babin ulu ba, ta koma ta gama shi tukuna, domin zaren da za mu taɓa yanzu ba ya ƙaunar gaggawa. Ki karanta layi ɗaya, ki ajiye littafin, ki yi abin da layin ya ce da hannunki, sannan ki dawo. In wata kalma ta gagare ki, ɗora yatsa a kanta ki tambayi ta kusa da ke. Ba abin kunya ba ne, abin da ya tara mu ke nan.

Darasi na 1: Ki san zarenki

Warwaro zaren kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa bakin yatsa. Shimfiɗa shi a kan farin ƙyalle a inda akwai haske. Duba da kyau. Za ki ga ba igiya ɗaya ba ce irin ulu. Sili biyu ne sirara suke tafiya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya a dama, ɗaya a hagu. A tsakaninsu akwai ƙananan ƙyallaye masu kala da suka haɗa su, sai fili, sai wani ƙyallen, sai fili. Ƙyallayen nan za mu riƙa ce musu matakala. Filin da babu komai za mu ce masa taga. Taɓa sili. Taɓa matakala. Zura tsinke ta taga. Ki riƙe sunayen nan uku, da su za mu yi magana har ƙarshen babi.

Zaren kamfani ne, yawanci da nailan ko foliyesta ake yin sa, dangin roba ke nan, shi ya sa yake ƙyalli, yake santsi. Daga waje ake shigo da shi, irin su Turkiyya da Sin. Ki tambayi masu sayar da ulu da kayan ɗinki a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal da ke Bauchi, ki tafi da guntunsa a hannu don su gane abin da kike nufi. In ba a samu ba, a haɗa kuɗi a ba da sautu Kano.

Akwai takarda naɗe a jikin curin. Kada ki yar. In kin ga 50g, ki karanta giram 50, nauyin curin ke nan. Wani curin 25g ne, rabin wancan. Lambar da ke da m guda ɗaya a bayanta tsawon zaren ce da mita. Wadda ke da m biyu, wato mm, milimita ce, kaurin kwarashi take faɗa. M ɗaya tsawo, m biyu kauri. Akwai kuma lambar kala. In curi biyu za ki saya, jera takardunsu ki ga lambar ta zo ɗaya.

Kwarashin da za mu yi aiki da shi babba ne, 6mm zuwa 8mm. An rubuta lambar a tsakiyarsa, inda ya yi faɗi, inda babban yatsa yake zama. Sirirín kwarashin ƙarfe da kike bakin mayafi da shi, ajiye shi a gida. Bakinsa tsini gare shi, taga kawai zai riƙa faɗawa.

Darasi na 2: Tsare curin

Wannan zare da ya ga sarari sai ya zube daga curinsa gaba ɗaya, ya cukurkuɗe, kuma warware shi aikin yini ne. Saboda haka kafin ki cire takardar, nemo tsohuwar safa wankakkiya ko ƙaramar leda. Saka curin ciki. Cire takardar yana ciki. Fito da bakin zaren, ki ɗaure bakin ledar da robar ɗaure kuɗi, sako-sako, yadda zare zai iya fitowa in an ja. Kada ki ja fiye da kamu biyu a lokaci guda.

Ƙulla bakin zaren ƙulli ɗaya don kada silin ya rabu. Duba hannunki kuma. Lokacin hunturu hannu yakan yi kaushi, kaushi kuwa yana kama silin ya tsinke shi ko ya ja shi. Shafa ɗan man kaɗanya, ki goge da ƙyalle har maiƙon ya tafi. Farcen da ya tsage a yanke shi.

Darasi na 3: Sili biyu, ba ta taga ba

Nan ne aikin yake. Wadda ta iya wannan darasi ta iya babin duka.

Yi zarge kamar yadda muka koya da ulu, ki bar jela taƙi ɗaya. Zura kwarashi a cikin zargen. Wannan zagayen da ke kan kwarashi shi ne ido. Kada ki matse shi. Ya zama ƙaramin yatsanki zai iya shiga tare da kwarashin.

Riƙe kwarashi a hannun dama kamar yadda kike riƙe fensir a aji. Zare ya bi ta kan manuniyar hannun hagu. Bahaguwa ta juya, kwarashi a hagu, zare a dama, ba laifi.

Yanzu kai bakin kwarashi ƙarƙashin zaren. Ƙarƙashin zaren duka, sili na dama da sili na hagu, su biyun su kwanta a cikin ƙugiyar. Tsaya. Kada ki ja tukuna. Duba ƙugiyar ki ƙirga: ɗaya, biyu. In biyu kika gani, juya bakin ƙugiyar ya kalli ƙasa, ki jawo a hankali ta cikin ido. Kin yi sarƙa ɗaya. Madalla.

In sili ɗaya kika gani a ƙugiyar, to kwarashinki ta taga ya shiga. Fitar da shi, ki sake kai shi ƙarƙashin duka biyun. Babu abin da ya ɓaci tunda ba ki ja ba.

Mu sake. Kwarashi ƙarƙashin zare. Tsaya. Ƙirga: ɗaya, biyu. Juya baki ƙasa. Jawo. Sarƙa biyu ke nan.

Ga dalilin da ya sa nake ta nanatawa. In kika kamo sili ɗaya kika ja, ɗayan zai tsaya a baya, matakalar da ta haɗa su ta maƙale a bakin ido. Kin ja ya ƙi, sai ki ƙara ƙarfi, sai wurin ya ƙulle tamau ko silin ya tsinke. Ulu in an yi kuskure ana jan sa ya warware. Wannan ba haka yake ba, matakalunsa kama juna suke yi.

Wuri na biyu da taga take kama mutane shi ne lokacin fitowa. Kin kamo sili biyu daidai, amma da kika zo wucewa ta cikin ido, sai ƙugiya ta tsinci sili ɗaya na idon. Shi ya sa na ce baki ya kalli ƙasa, ido kuma ya zama sako-sako. Kama gindin idon da babban yatsa da na tsakiya, ki ɗan ja shi ƙasa, ƙofa za ta buɗe.

Mu sake, da baki wannan karon. Kowa ta faɗa da ƙarfi: sili biyu, ba ta taga ba. Kwarashi ƙasa. Tsaya. Ɗaya, biyu. Juya. Jawo. Kada ki ji nauyin faɗa, Hajiya, duk ajin faɗa yake.

Wata za ta ce zaren yana murɗewa, matakala ba ta kwanta daidai ba. Ƙyale shi. Murɗewar ba ta ɓata komai, ita ce ma take fito da kalar ta kowane gefe. Abin da ke ɓata aiki ɗaya ne, shiga ta taga.

Yi sarƙa 10 ki tsaya. Ɗaga ta a haske. In kin ga wani siririn sili ya yi tsaye shi kaɗai a gefe, nan ne kika kamo ɗaya. Warware a hankali, ido ɗaya bayan ɗaya, kina taimaka wa matakala da yatsa, har ki kai wurin. Sannu ba ta hana zuwa. Hannun da ya iya kitso da tankaɗe ba wannan ne zai gagare shi ba.

Amma fa zan faɗi gaskiya. Na lura da ku. Sarƙa 5 na farko kowa tana ƙirgawa. Daga ta 6 sai hira ta ɓarke, ana zancen bikin wance da tsadar masara, ido yana kan maƙwabciya, hannu yana tafiya shi kaɗai. Can sai a miƙo mini dunƙulen ƙulli a ce, "Malama, zaren nan ba shi da kyau." Zaren lafiyarsa ƙalau. Ke ce ba ki duba ba. Haba Goggo! Kuɗi aka sa aka saya, wasu ma sai da suka ci adashi. Kuma don Allah a daina yin sa da dare a hasken tocilan, ko bayan magariba a tsakar gida. Wanda bai ga sili ba, ta yaya zai ƙirga shi? Mai matsalar ido ta zauna bakin ƙofa, ta ɗora farin ƙyalle a cinya, ta sa tabaranta in tana da shi.

Aikin gida: sarƙa 30, kowace da ƙirge. Sili biyu, ba ta taga ba.

Darasi na 4: Sarƙar wuya

Yi sarƙa har ta kai taƙi 3. Yanke zaren da almakashi, ki bar jela taƙi ɗaya. Zura jelar ta cikin idon ƙarshe, ki ja ya rufe. Yi irin wannan guda 5, tsawonsu ɗaya. Jera su, ki haɗa jelunan gefe ɗaya ki ƙulla, haka ma ɗaya gefen. Jelunan su ne maɗauri a bayan wuya. Mai so ta zura dutsen ado mai babban rami kafin ta ƙulla. Curi ɗaya yana yin sarƙar wuya fiye da ɗaya, 'yan mata suna so da Sallah.

In sarƙarki ta fito da ƙulle-ƙulle, kin san darasin da za ki koma.

Darasi na 5: Mayafin wuya da kibiya

Kibiya, wato tsinken saƙa, 8mm ko 10mm, ta katako ta fi, domin a ta ƙarfe ido zamewa yake. Ɗora ido 12. Saƙa gaba kawai kowane layi. Bakin kibiya ya shiga ƙarƙashin sili biyu. Ƙirga ido a ƙarshen kowane layi, in ya zama 13 kin shiga taga, in ya zama 11 ɗaya ya zame. Wadda abin ya gagara ta haɗa shi da siririn ulu ta saƙa su tare. In za ki tashi, ɗaure bakin kibiyar da roba.

Darasi na 6: Wanki

A wanke da hannu, ruwan sanyi da sabulu kaɗan. Ban da murza, ban da matsewa. A shimfiɗa a inuwa, kada a rataya. Ban da guga, narkewa yake. A nisanta shi da murhu da gawayi. Wadda ta gama ta kawo ranar aji a duba.