Yadda mai HIV zai kare ƙwaƙwalwarsa in yana shan tramol ko kodin

Da yawa sun ɗauka HIV a jini kawai take, alhali tun makonnin farko da mutum ya kamu take shiga ƙwaƙwalwa, tana ɓuya a cikin ƙwayoyin garkuwar jiki su tsallaka da ita shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, in ta shiga sai ta samu mazauni a ƙwayoyin da ake kira microglia tana fitar da sinadarai irin su Tat masu illa ga jijiyoyi. To su tramol, kodin, mofin da hiroyin suna da wurin kamawa a jikin waɗannan ƙwayoyin, kuma gwaje-gwaje sun nuna in mofin ya haɗu da Tat kumburin yana ƙaruwa, jijiyoyi su fi saurin lalacewa.

Abu na farko, maganin HIV ɗinka, wato ARV, kar ka yi wasa da shi, ko da ba ka daina ƙwaya ba. Wasu sai su ce bari in daina shaye-shayen tukuna sannan in koma magani, wallahi kuskure ne babba.

Sannan ka faɗa wa likita gaskiya, me kake sha, nawa, tun yaushe. Ba don ya yi maka faɗa ba, magungunan ne suke karo da juna. Magungunan HIV irin su efavirenz da nevirapine suna rage ƙarfin methadone (maganin da asibiti ke ba mai son daina irin waɗannan ƙwayoyin) a jiki har mutum ya fara jin ciwon rashinsa, haka ma rifampicin na tarin fuka, ritonavir kuma, shi ma na HIV ne, yana ƙara yawan fentanyl da oxycodone (magungunan kashe zafi dangin mofin) a jini wanda kan iya tsayar da numfashi. Maganin HIV mai suna dolutegravir ba shi da wannan matsalar da methadone.

Kar ka yanke shan ƙwayar lokaci ɗaya da kanka, ka tambayi asibiti ko suna ba da methadone ko buprenorphine, wanda shi ma aikinsu ɗaya. Kar ka haɗa da giya ko diazepam, allura kuma ba a aronta.

Ka sa ido kan mantuwa, nauyin tunani, hannu ya riƙa kasa ƙananan ayyuka, ko ka karanta abu ka kasa riƙewa, kar ka ce ai ƙwaya ce kawai, je a duba ka. In ana samun naloxone, maganin da ke farfaɗo da wanda irin waɗannan ƙwayoyin suka yi wa yawa, a inda kake ka ajiye a gida, ka nuna wa wanda kuke tare yadda ake amfani da shi in numfashinka ya yi ƙasa.