Yadda za ka gane lambar da ba ta rabuwa, ko da ta yi girma

'Yan lakkwal na nan Yamai masu shirin bak, ku matso da kaye da bik. Lambar da muke magana ita ce wadda babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta, irin su 7, 13, 31.

Da farko ka dubi wutsiyarta. In ta ƙare da 0, 2, 4, 5, 6 ko 8 to magana ta ƙare, tana rabuwa (banda 2 da 5 su kansu). Sai ka tara alƙaluman, in jimlar ta rabu da 3 ita ma lambar haka (banda 3 ita kanta).

In ta tsallake wannan sai rabawa da lambobin da su ma ba sa rabuwa, 7, 11, 13, 17 har gaba, amma don Allah kar ka wahal da kanka ka ce sai ka kai rabin lambar, a nan yara da yawa ke ɓata lokaci. Nemo lambar da in ka yi ta sau kanta za ta kusa kaiwa, nan ne iyakarka. Ɗauki 2027: 45 sau 45 ya ba da 2025, kenan daga 43 ka tsaya, kuma duk ba mai raba ta. Amma 2021 fa? Za ka yi ta gwadawa har 41 ba komai, kana shirin rufe kaye sai 43 ta kama ta, 43 sau 47 ne. Shi ya sa ba a tsallake ta ƙarshe.

Manya-manyan kuwa wannan hanya ba ta kai su, ko kwamfuta ta gaji. Akwai wani iri da ake kira lambobin Mersenne, sunan wani fada na coci ɗan Faransa: ka yi 2 sau 2 sau 2 har sau p (p wata lamba ce da ka zaɓa), ka cire 1. Dole p ita ma ta zama marar rabuwa, kuma ko hakan bai isa ba, p=11 na ba da 2047 wanda 23 sau 89 ne.

Gwajinsu, na masana lissafi Lucas da Lehmer, wallahi sauƙi gare shi. Fara da 4, yi ta sau kanta, cire 2, raba da lambarka ka riƙe saura kawai, ka maimaita sau p-2. In ka dira kan 0 ba ta rabuwa. Gwada p=5, wato 31: daga 4 sai 14, sai 194 saura 8, sai 62 saura 0. Shikenan. In kana zaune a fada ana jiran shayi na biyu gwada p=7, wato 127, zagaye 5 ne, sauran za su zo 14, 67, 42, 111, 0.

Lucas da hannu ya tabbatar da ta p=127 a 1876, alƙaluma 39, mutumin nan ya yi haƙuri. A Oktoba 2024 kuma Luke Durant na ƙungiyar GIMPS, masu neman irin waɗannan lambobi da kwamfuta, ya gano ta p=136,279,841 mai alƙaluma 41,024,320. Manhajarsu Prime95 kyauta ce a intanet, sai dai gwaji ɗaya na iya cin makonni, ka tanadi batir ko sola don ka san halin wuta lokacin zafi.