Yadda za ki yaye yaro ba tare da ya ɗauka kin gudu kin bar shi ba

Ɗana na fari yana da wata 19 aka yaye shi. Da asuba Gwaggona ta zo gidanmu a Ƙofar Marusa, ta goya shi yana barci, suka shiga motar Daura. Ko leƙowa ban yi ba, don ɗan fari ne, ina nuna damuwa za a ce ba ni da kunya. Bayan sati uku aka dawo da shi. Na miƙa hannu, ya dube ni kamar wata baƙuwa, ya juya ya cusa kai cikin zanin Gwaggo. Matan gida suka yi ta shewa, wai ai ya yayu. Kwana biyu da dawowarsa sai ya maƙale mini, ko bayi na shiga yana bakin ƙofa yana tsala ihu, aka kwashe wajen wata biyu a haka.

Sai da na fara aikin jinya a ɗakin yara na gane abin da ya faru. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Ingila, John Bowlby, ya nuna cewa yaro kan shaƙu da mai renonsa ne don a wurinta yake samun mafaka in ya tsorata, ba don cikinsa kaɗai ba. Abokin aikinsa James Robertson ya ɗauki hoton bidiyon wata yarinya 'yar shekara 2 da aka kwantar kwana 8 a asibiti babu uwarta, aka nuna shi a 1952. Sun lura yaron da aka raba da uwa yakan bi hawa uku: kuka da bori, sannan ya yi laƙwas ya fid da rai, daga ƙarshe ya riƙa wasa kamar bai damu da kowa ba. Wannan hawa na ukun ne mu muke yi wa guɗa.

Don haka idan lokacin yaye ya zo, ki sa a ranki nono za ki raba shi da shi, ke kuma kina nan.

Ki fara da duba lokaci. Alƙur'ani a Suratul Baƙara ya ambaci shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ma shawararta nono zalla wata 6, sannan a haɗa da abinci har shekara 2 ko fiye. Kada ki yaye yaro yana zawo, ko yana fama da ƙyanda, ko kun tashi sabon gida, ko cikin zafin Afrilu na Katsina da babba ma abinci ba ya shigarsa. In kuma ciki ne ya shiga, kada a firgita ki da cewa yaro zai "sha ciki". Nonon mai juna biyu ba guba ba ne. Ki tambaya a wurin awo, in babu wata matsala kina da damar janyewa a hankali.

Janyewar ita ce aikin. Ki cire sha ɗaya na rana, wanda bai fi damuwa da shi ba, galibi na hantsi. A madadinsa ki ɗora shi a cinya ki ba shi kunun gyaɗa, ko faten wake da manja, ko dafaffen ƙwai. A cinyarki nake nufi, ba a ajiye masa kwano a tsakar gida ba, domin rabin abin da yake nema a nono ɗumin jikinki ne. Bayan kwana huɗu ko biyar ki cire na biyu. Na dare shi ne na ƙarshe, shi ne kuma mai wuya. Goyo ya fi komai aiki a nan: ki goya shi ki yi ta zagaya tsakar gida, yana kuka kina jijjiga shi kina ba shi haƙuri. Zai yi fushi, zai dake ki da ɗan hannunsa. Bar shi. Fushin da ya yi a bayanki dare uku ko huɗu yakan wuce.

Shafa maɗaci ko ruwan ganyen bedi a kan nono kuwa, ni dai ba na so. Yana aiki, ban musa ba. Amma na taɓa ganin fuskar yarinya lokacin da ta kama ta saki, ta ɗago ta dubi uwarta, ba nonon ba.

Sai maganar kai yaro gidan kaka, wadda a nan ake samun saɓani da iyaye. Ba na zagin al'adar. Yaranmu dama ba hannu ɗaya ke renonsu ba. A 1977 an wallafa wani nazari kan jarirai Hausawa 18, aka ga kowannensu ya shaƙu da mutum uku ko huɗu, amma akwai guda da ya fi gudu wurinta, kuma ita ce wadda ta fi ɗaukarsa da yi masa wasa, ko da ba ita ta haife shi ba. To ki tambayi kanki: in ya faɗi ya buge goshi, wa yake miƙa wa hannu bayan ke? In kakarsa ce da kuke gida ɗaya, ko abokiyar zamanki, ko yayarsa, alhamdu lillahi, ta karɓi kwanan dare, da safe ya gan ki. Amma kakar da take Daura, sai Sallah da Sallah yake ganinta, baƙuwa ce a wurinsa komai son da take masa, balle yaro mai ƙiwa.

Da aka zo yayen jikata, mahaifiyar mijin 'yata ta ce a kai mata ita. Na je da kaina na ce, "Hajiya, kishiyar nan taki ba ta san ɗakinki ba tukuna. Ki zo ki yi mana sati guda, a yi a gabanki." Ta zo da rubutun yayenta a gora, aka ba yarinya ta sha, aka yi sadakar ƙosai, kowa ya samu abin da yake so.

In dole sai an tafi da shi, ki raka shi ki kwana biyu a can. Ki bar masa zanin goyonsa ba tare da an wanke ba. Kada ki sulale yana barci, kada kuma a ce masa dodo ya kama nono. Ki yi masa sallama ido da ido, ki faɗa masa yaushe za ki dawo, ki kwatanta masa lokacin da abin da ya sani, kamar "in an kira la'asar", ki kuma cika. Kwanakin su zama kaɗan.

Ranar haɗuwa ki sa ido sosai. Wata masaniyar halayyar yara, Mary Ainsworth, wadda ta riƙa ziyartar iyalai a kusa da Kampala ta Yuganda daga 1954, daga baya ta tsara wani gwaji na kusan minti 20 a Baltimo ta Amurka, inda uwa ke fita ta dawo. Abin da ta fi dubawa shi ne yadda yaro ke karɓar uwarsa in ta dawo. Wanda ya rugo, aka ɗauke shi ya lafa, ya koma wasansa, hankalinsa a kwance yake. In naki ya kau da kai kamar nawa, kada ki yi zuciya, kada ki fizgo shi. Zauna a tabarma kusa da shi, ki ɗauki abin wasansa ki riƙa juyawa, ki bar shi ya matso da kansa. In maƙalewa ta biyo baya, ki ƙara goyo, ki rage tsawa, ko da za a ce kina sangarta shi.

Ke ma ki kula da jikinki. In nono ya cika ya yi tauri, ki tatse kaɗan don ki samu sauƙi, ki ɗora tsumma mai sanyi. In wuri ɗaya ya yi ja yana zafi, ga zazzaɓi, ki tafi asibiti a ranar.