Yadda Ake Gane Sha-kauci Mai Rawayen Ciki a Dazukan Kumasi

Sha-kauci iri-iri ne, kuma mutane kan haɗa su duka su kira da suna ɗaya. Wanda muke magana a kansa shi ne ɗan ƙaramin tsuntsun nan da masana ke kira Hedydipna collaris, tsawonsa kamar santimita 10.

Ka yi sammako. Daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe ne yake kiwo sosai. Dajin Bobiri da ke kusa da Kubease a hanyar Ankara, da dajin Owabi, da lambun jami'ar KNUST duk ana samunsa. Kada ka kutsa tsakiyar kurmi, bakin daji da gonakin koko sun fi. Nemi itacen da kauci ya yi fure a kansa, ka tsaya cik. Farar jallabiya takan kore shi, sa tufa mai duhu.

Baki za ka fara dubawa: gajere ne, ɗan lanƙwasarsa kaɗan. Sai ciki, rawaya shar. Namiji kansa da bayansa da maƙogwaronsa kore ne mai walƙiya, da siririn zobe ruwan shuni a ƙirji kamar an ɗaura masa zare. Tamata ba ta da zoben, koren ma bai sauko mata wuya ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne haske. Wannan koren ba rini ba ne, ƙyallin gashin ne idan rana ta buge shi. In ka fuskanci rana, baƙi ƙirin za ka gan shi, ka rantse wani tsuntsu ne daban. Sa rana a bayanka, ka jira ya juya kai. In kuwa ka ga jan ƙirji da baki mai ɗan tsawo, ɗan'uwansa ne, Cinnyris chloropygius.

Ba ruwan fure kaɗai yake sha ba. Ya fi yawancin danginsa cin ƙwari da gizo-gizo, yana bin ganye ɗaya-ɗaya yana leƙa ƙarƙashi. Furen da ya yi masa zurfi kuma, sai ya huda shi ta gindi ya tsotse.

Sheƙarsa kamar 'yar jaka take, tana reto a reshe, ƙofa a gefe. Tamata ce ke saƙa ta da ciyawa da yanar gizo, galibi ta yi ƙwai 2. Don Allah in ka same ta kada ka taɓa, kada ka share ganyen da ya rufe ta don ɗaukar hoto. Ja baya kamar taku 10, ka zauna, uwar za ta dawo.