Yadda za ka samu oga ya ba ka ranar aikin gayya ba tare da an taɓa albashinka ba

Wannan magana ta taso ne a group ɗinmu na tsofaffin ɗalibai, wani ya ce shi fa yana son ya riƙa taimakawa a gidan marayu amma aiki ya cinye shi, Litinin zuwa Juma'a yana ofis, Asabar biki ko ta'aziyya, Lahadi kuma ta madam da yara ce. Na ce masa ai mu a wurin aikinmu nan Jos kwana biyu ake ba kowa a shekara ya je ya yi wa al'umma aiki kuma albashi na nan cif, sai kawai aka yi caa a kaina da tambayoyi. To bari in rubuta shi gaba ɗaya kowa ya huta.

Da farko ka san inda ka tsaya. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta tilasta wa kowane kamfani ya ba ka irin wannan hutu ba. Abin da ta ce shi ne idan ka yi wata 12 kana aiki ba yankewa, kana da hutun shekara na aƙalla kwana 6 na aiki da albashinka. Shi ke nan. Saboda haka kar ka shiga ofishin oga kana huci kamar wanda aka ci wa haƙƙi, roƙo ka je yi, kuma mai roƙo da dabara yake tafiya. A waje abin ya daɗe, kamfanin Salesforce na Amurka kwana 7 yake ba ma'aikatansa duk shekara, awa 56 ke nan. Amma don Allah kar ka buɗe baki da kwana bakwai a gaban ogan da ko izinin zuwa jana'iza sai ya yi tsaki kafin ya sa hannu. Kwana ɗaya ka nema, ko ma rabin yini sau biyu. In ya ga ba a mutu ba, baɗi ka ƙara.

Kafin ma ka je, ɗauko littafin ƙa'idojin ma'aikata da aka ba ka ranar da ka kama aiki, wanda na san ko buɗe shi ba ka yi ba. Bankuna da kamfanonin waya da manyan ƙungiyoyin agaji wasu suna da tsarin a rubuce, mutane ne kawai ba su sani ba. In kai ma'aikacin gwamnati ne kuma, hanyarka ita ce hutun uzuri na 'yan kwanaki da ke cikin ƙa'idojin aikin gwamnati, ka rubuta ta hannun shugaban sashenka yadda aka saba, kar ka yi ta baki.

Abu na biyu, kuma nan ne mutane da yawa suke faɗuwa, ka samo wurin da za ka je da aikin da za ka yi tun kafin ka nemi izini. "Ranka ya daɗe ina so in je taimakon al'umma" ba magana ba ce, shi a kunnensa abin da ya ji shi ne kana so ka je kasuwar Terminus cefane. Amma in ka ce ranar Laraba kaza daga ƙarfe 9 zuwa 1 za mu je makarantar sakandare kaza a Gangare mu uku mu koya wa 'yan aji shida yadda ake amsa tambaya a kwamfuta, ga takardar shugaban makarantar, ga wanda zai riƙe min tebur, to ka ga ka rufe masa ƙofofin a'a.

Kuma wannan misali na kwamfuta ba haka kawai na kawo shi ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya, amma har gobe akwai yaro a Anguwar Rogo ko Rikkos ko Dilimi da ranar jarrabawa ce rana ta farko da zai riƙe linzamin kwamfuta a rayuwarsa. Yaron ya yi karatu, ya san amsa, amma hannu na rawa, ya danna inda bai kamata ba, lokaci ya tafi. Kai kuma da kake ofis kana danne-danne tun safe har yamma, awa uku kacal da laftof biyar na aro sun isa ka cire masa wannan tsoron. Wannan aiki kuma ba ya yiwuwa ranar Asabar don makaranta a rufe take, ka ga dalilin da ya sa ranar aiki ake nema ke nan, kuma ka faɗa wa oga hakan ƙarara.

Ni shawarata kullum, ka ba da abin da ka iya. Akanta ya je gidan marayu ya zauna da su ya gyara musu littafin shige da ficen kuɗi, wallahi ya fi musu buhun shinkafa amfani, domin masu ba da tallafi na gaske ba sa sakin kuɗi ga wanda ba shi da lissafi a rubuce. Mai aikin lantarki ya duba musu wayoyi da sola. Nas ta je ta auna wa tsofaffi hawan jini da suga. Direba ma yana da nasa, ɗaukar kaya da kai mara lafiya asibiti. Ban ce fenti da shara ba su da lada ba, amma abin dariya ne a kwashi injiniyoyi goma su je su yi fentin da mai fenti ɗaya zai yi ya fi nasu kyau a yini guda, ga shi sun hana shi cin abinci.

In kuma kana ganin ba ka da wata sana'a ta musamman, akwai jini. Asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da ke Lamingo, asibitin Plateau Specialist, asibitin Jankwano, duk suna buƙatar jini, musamman don mata masu haihuwa da 'yan haɗari da masu sikila. In ka kai shekara 18, nauyinka ya kai kilo 50, lafiyarka ƙalau, za su duba ka su ɗibi leda ɗaya, kusan mililita 450. Ranar 14 ga Yuni ce ranar masu ba da jini ta duniya, kuma oga ya fi saurin yarda in ka haɗa buƙatarka da rana irin wannan da zai iya sawa a rahoton ƙarshen shekara. Akwai kuma 5 ga Disamba, ranar 'yan sa-kai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ita kuma ta faɗo daidai lokacin da sanyin Jos yake fara cizo, lokacin da bargo da rigar sanyi ta gwanjo suke da daraja a wurin almajirai da marayu. Ka ci abinci kafin ka je ba da jini dai, mun taɓa zuwa da wani abokin aiki da ya yi ta cika baki a mota, ana gamawa ya zube, sai da aka nemo masa lemo.

To yanzu batun tantance ƙungiya. Ba duk mai allo da riga mai tambari ba ne mai gaskiya, wannan kowa ya sani. Ka tambaye su lambar rajistarsu ta CAC, wato hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, ka shiga shafin hukumar ka duba sunan da kanka, kyauta ne. Ka je wurin da ƙafarka ranar da ba su san za ka zo ba. Ka tambayi mai unguwa ko limami ko faston da ke kusa, su ne suka san wanda ke aiki da wanda sai an ga baƙi ake tara yara. In kana son inda ba sai ka sha wahalar bincike ba, akwai tsofaffin hannu irin su Red Cross, da 'yan agajin Jama'atu Nasril Islam, da na Izala wadda a nan Jos ɗin ma aka kafa ta a 1978, da FOMWAN ta mata, da kuma ƙungiyoyin coci-coci da suka daɗe suna aikin asibiti da makarantu. Duk wanda ya ce maka a turo kuɗin a asusunsa na kansa "kafin a gyara na ƙungiya", ka yi masa sallama cikin mutunci.

Akwai wani abu da sai ɗan Jos zai gane. Ofisoshinmu a haɗe suke, Musulmi da Kirista, kuma tun rikicin 2001 da na 2008 da 2010 unguwanni suka rabu, akwai abokin aikinka da shekara da shekaru bai taka wata unguwar ba, kai ma akwai inda ba ka shiga. Kar ka yi kamar ba ka san da wannan ba. In za ku fita a ƙungiyance, ku fara da wurin kowa da kowa, asibiti ko makarantar gwamnati. In tafiya ta yi tafiya sai ku riƙa yin karɓa-karɓa, wannan karon nan, wancan karon can, kuma ɗan unguwa shi ne zai shige gaba ya yi wa sauran jagora. Kar a tilasta wa kowa, wanda ya ce zuciyarsa ba ta kwanta ba a ƙyale shi ba gori. Kuma in gari ba lafiya, ko an sa dokar hana fita, a ɗage kawai, ba wani jarumta.

Takardar neman izinin kanta kar ta wuce shafi ɗaya. Ka sa rana da awanni, sunan wurin da lambar wanda zai karɓe ku, aikin da za ku yi, mutum nawa, wa zai riƙe aikin kowa, sannan layi ɗaya mai cewa wannan rana ba za a cire ta daga hutun shekara ko albashi ba. Wannan layin shi ne kan maganar gaba ɗaya. Ni na taɓa yarda da "ba komai, je ka kawai" ta baki a wani wuri da na yi aiki a baya, ƙarshen wata na ga an zaftare min kuɗin kwana ɗaya, da na je ofishin kula da ma'aikata aka ce ina takarda, ogan kuma ya ce shi bai tuna ba. Tun daga ranar ko saƙon WhatsApp ne sai na ajiye. Ka kuma tambaya a rubuce, in wani ya ji rauni a wurin, ana ɗaukarsa yana bakin aiki ne ko a'a? Akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, ke kula da ita, gara a fayyace tun kafin wani ya faɗo daga tsani. Kar kuma ka zaɓi ƙarshen wata in kana sashen kuɗi, ko ranar da masu binciken lissafi za su zo, wannan neman a ce maka a'a ne da kanka.

Ranar da aka ba ka, ka je. Na san ba sai an faɗa ba amma sai an faɗa. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, an biya ka kuɗin wannan yinin, in ka leƙa na minti talatin ka ɗau hoto ka wuce gyaran mota a Farin Gada to ka ci amana biyu, ta kamfani da ta mutanen da suka jira ka, kuma ka toshe wa na bayanka hanya don oga zai ji, Jos ƙaramin gari ne. Ku isa da wuri, ku tafi da ruwanku da abincinku kar ku zama nauyi a kan gidan da ke fama da ciyar da yara, ku bi abin da masu wurin suka ce ko da kuna ganin kun fi su ilimi.

Hoto kuma, hmm. Kamfani zai so hoto, wannan ba laifi, da shi za su yi tallar kansu kuma da shi za ka samu kwanan baɗi. Amma a nemi izini, kar a ɗau fuskar mara lafiya a kan gado, kar a jera marayu riƙe da katan ɗin taliya ana cewa su yi murmushi. A ɗauki ma'aikata suna aiki, ya wadatar. Ka tambayi kanka in ɗanka ne za ka so a sa shi a Facebook haka?

Da kun dawo, washegari ka tura wa oga ɗan rahoto, layi biyar ya isa: mun je mu kaza, mun yi awa kaza, yara kaza suka zauna a kwamfuta, ga takardar godiya daga makarantar. Ka sa sunayen abokan aikin da suka riƙe muku tebur a ciki, su ma sun yi gayyar ai, kuma gobe kai za ka riƙe musu. Sannan kafin ku bar wurin ku tsayar da ranar dawowa, ko da bayan wata shida ne, ku karɓi lambar mutum ɗaya da za ku riƙa kira. Mu makarantar da muka fara zuwa, a zuwa na biyu ne ma shugabar ta saki jiki ta gaya mana cewa matsalarsu ta gaske ba kwamfuta ba ce, banɗakin 'yan mata ne da ya lalace har wasu suke fashin zuwa, kuma shi muka sa a takardar da muka kai wa oga ta wannan shekarar.